Wayar da Ba Ta da Zaure



Wata ranar Talata da safe, ina shirin fita gaida marasa lafiya, sai saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Hoton wani ɗan zumuntarmu ne, yaron da na koyar tun yana ajin baftisma. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci cewa ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, kuma wai ni ne na tsaya masa. Ban gama karantawa ba sai ga matata ta fito da tata wayar a hannu, ita ma an aiko mata. Kafin azahar saƙon ya kai ga mahaifiyarsa, da maigidan da yake koyon ɗinki a shagonsa, har da iyayen yarinyar da yake nema.

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Keken ɗinkinsa ne ya lalace ana gab da Kirsimeti, ga kayan mutane jibge. Ya ji kunyar roƙo, sai ya sauke wata manhajar bashi, ya karɓi naira 12,000 a kan zai biya cikin kwana bakwai, da kuɗin ruwa a kai. Ya makara da kwana uku. Laifinsa ke nan.

Mako uku bai zo sujada ba. Da na same shi a gidan kawunsa a Zango, sai ya ce mini: "Baba Fasto, bashin na biya. Amma da wane ido zan kalli jama'a?" Na ce masa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sannan na tambaye shi yadda aka yi suka sami lambata. Ya ce shi bai ba kowa ba. Gaskiya ya faɗa, daidai iyakar saninsa. Lokacin da ya sauke manhajar, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, da hotunansa, da saƙonninsa. Ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, kamar yadda dukanmu muke yi. A daƙiƙar nan aka kwashe komai zuwa kwamfutar kamfanin. Ashe jinginar da ya bayar ke nan: mutuncinsa, da lambobin mutanen da ba su ma san ana yi ba.

Ba a kansa aka fara ba. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan bashi a Legas saboda tozarta mutane. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan masu waya. Amma har yau ana turo wa matasa irinsu ta bayan fage, ta WhatsApp da saƙon waya.

A kan hanyar dawowa daga Zango ina ta tsara wa'azin da zan yi muku a kan sakaci. Kafin in iso Daura, sai zuciyata ta tuna mini da nawa.

Shekara biyu kafin nan, wani mutum ya zo majami'armu da tufafi masu tsabta da kati rataye a wuya. Ya ce akwai tallafi ga gwauraye da matasa, ana bukatar suna, da lambar waya, da lambar NIN, da asusun banki. Ni na yi sanarwa bayan sujada. Ni na zauna na rubuta sunayen da hannuna, na ɗauki hoton takardar na tura masa. Tallafi bai zo ba. Bayan 'yan watanni aka kira wata uwa a cikinmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Mai kiran ya san cikakken sunanta, ya san bankinta, ya ambaci ikilisiyarmu, ya ambaci sunana. Ya ce ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta yanzu domin kuɗinta su fito. Ta karanto. Kuɗin adashin da ta kwashe a makon nan, su ke nan. Da na tambaye ta me ya sa ta yarda, ta ce: "Ai sunanka ya kira, Baba." Dattawa sun haɗa mata abin da ya sawwaƙa, ni kuma na tsaya gaban jama'a na roƙi gafara. Na yi shekaru a kwalejin tauhidi ana koya mana riƙon asirin wanda ya zo neman shawara, kuma ban taɓa fitar da maganar kowa da bakina ba. Amma da yatsa ɗaya na miƙa wa baƙo amanar garke duka.

Ku dubi yadda kakanninmu suka gina gida. Ku zaga tsohon garin Daura, daga wajen rijiyar Kusugu zuwa ƙofar fada, za ku ga gidajen da ke da zaure. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa, a ji abin da ke tafe da shi. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙin baƙo ba ne. An dai san akwai abin da yake na zaure, akwai na tsakar gida, akwai kuma na ƙuryar ɗaki. Wayar da ke aljihunka ba ta da zaure. Duk wanda ka ce wa "na amince" ya wuce kai tsaye har ƙuryar ɗaki, kuma ba ya fita.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan damfara ne kaɗai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Facebook da muke shiga kyauta yana samun kuɗinsa ne ta hanyar talla, tallar kuwa tana tsada ne gwargwadon yadda ya san ka: shekarunka, inda kake, abin da kake tsayawa ka kalla da tsakar dare. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma a watan Afrilu na 2025 kotun da aka ɗaukaka ƙara gabanta ta tabbatar da tarar. Gaskiya ne WhatsApp yana kulle saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Amma kamfanin ya san lambarka da lokutan da kake amfani da shi, kuma babu kullen da zai hana ɗan'uwanka ɗaukar hoton saƙonka ya tura gaba.

Hukuma ma haka. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarni kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Na bi layi cikin hunturu tare da wasunku, domin an ce mana hakan zai taimaka wajen kama masu garkuwa da mutane. A watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Duk da haka, a jihar nan tamu har yanzu ta waya ake cinikin kuɗin fansa. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Ba ina cewa ku ƙi bin doka ba, ni ma na bi. Ina cewa ne wanda ya karɓi amana shi ma akwai tambaya a kansa.

Sai kuma watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Daura ba ta ciki, amma Malumfashi tana ciki, kuma a can tsohuwata take. Sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da layukan. A tsakanin nan, ta bakin direbobin tasha nake jin lafiyarta. A shekarar ce kuma Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, gwamnati ta rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, matasa masu neman abinci ta nan suka rasa kasuwa. A lokacin na gane cewa wayar tawa ce, da kuɗina na saya, amma makullinta yana hannun wasu.

Akwai wani labari a Ishaya sura 39 da na daɗe ina karantawa ban ga kaina a ciki ba. Sarki Hezekiya ya tashi daga ciwo, sai sarkin Babila ya aiko manzanni da wasiƙa da kyauta. Daɗi ya kama Hezekiya, ya zaga da su ya nuna musu azurfa da zinariya da ɗakin makamai, bai rage komai ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi daga ina mutanen suke, me kuma suka gani a gidansa. Sannan ya faɗa masa cewa wata rana za a kwashe kayan nan duka zuwa Babila, har da wasu daga zuriyarsa. Hezekiya mai tsoron Allah ne, kuma baƙin da fara'a suka zo. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, waɗanda suka biya farashin ba su nan lokacin da aka buɗe ƙofar.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Kafin ka danna amincewa, ka tambayi kanka: me ya haɗa manhajar tocila ko ta bashi da lambobin mutanena? Lambar mahaifiyarka da ke wayarka ajiya ce, ba taka ba ce da za ka bayar. Lambobin sirri da banki yake turo maka, kada ka karanta wa kowa, ko da ya kira sunana, ko da murya irin tawa ka ji. Duk wanda ya nemi NIN ɗinka, ka tambaye shi dalili da inda zai kai ta. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba ka wannan dama. Kada ka sanar da duniya ranar tafiyarka da hanyar da za ka bi, ka bari sai ka sauka lafiya.

A zaurenmu na WhatsApp kuma, mu kula da roƙon addu'a. In 'yar'uwa ta gaya maka ciwonta ko matsalar aurenta, ba ta ce ka sa a gaban mutum ɗari ba. Allah ya san sunanta, ba sai mun rubuta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, magana kuma zarar bunu ce. In kuwa bukata ta matsa maka, ka zo ka faɗa. Bayan abin da ya faru, dattawa sun ware ɗan asusu domin ranta wa matasa ba tare da ruwa ba. Bai da yawa, amma ba zai aika wa surukanka saƙo ba.

Yaron nan ya dawo cikin mawaƙa. Iyayen yarinyar ma sun sauko, bayan na je da kaina na yi musu bayani. Littafin sunayen ikilisiya kuwa yanzu yana cikin akwati a kulle, kuma ba ya fita sai da yardar dattawa da ta masu sunayen.

Ubangiji ya ba mu hikimar sanin wanda za mu tsayar a zaure, ya kuma sa mu zama masu rufa wa juna asiri. Amin.