Kayan Ɗaki Sun Fi Ƙarfin Ɗaki

Akwai wani yayi da ya shigo mana ta wayar hannu, wanda na tabbata 'yan'uwana ɗalibai sun sha cin karo da hotunansa. Za ka ga ɗaki fari fat, gajeren gado, kujera ɗaya, ɗan tebur, da tukunyar fure a lungu, shi ke nan. Turawa na kiransa minimalizim, watau a rage kaya har sai abin da ba makawa sai da shi kaɗai ya saura. Akan danganta tushensa da makarantar Bauhaus da aka kafa a Jamus a 1919, da kuma gidajen Japanawa, waɗanda kan naɗe shimfiɗa da safe su cusa a kabad, ɗakin kwana ya koma na zama. Ƙunci ne ya koya musu, domin ɗakinsu mai cin tabarma 6 bai wuce murabba'in mita 10 ba.

Ni dai da na ga hotunan dariya na yi, domin kuwa ɗakin kakana ne na Zoza aka shafa wa farin fenti. Buzu, tabarma, buta, adaka ɗaya, sai gafaka a rataye. Namijin Bahaushe ya daɗe da sanin wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗakin mace.

Bara aka ɗaura wa ƙanwata aure da wani malamin makaranta mai haya a Ɗorayi, cikin Kano, ciki da falo, kowanne ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. Ni aka aika in auno. To, mai karatu, yi lissafin da kanka. Gado mai ƙafa 6 ta kowane gefe ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin. Ga sif, ga madubi, ga akwatunan lefe. A falo kuma kujeru masu cin mutum 7, da kabad ɗin jere, da firji. Abin da ya saura bai kai a shimfiɗa darduma biyu ba. Ga zafin bazara, ga taga ɗaya tak, ita ma bayan sif za ta koma. Sa'an nan buhunan masarar da Baba zai sayar, da bashin da zai ci a kai, sun isa su biya hayar gidan ta shekaru.

Na koma gida na ce, "Inna, ɗakin nan ba zai ci kayan nan ba. Daidai ruwa daidai tsaki." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, so kake 'yan ganin ɗaki su zo su tarar da ita kamar marainiya? Ranar da ta shiga wani hali, bangon za ta sayar?"

Rabin maganarta na farko tsoron gori ne, kuma ba ni da tausayinsa ƙwarai, don ƙauyenmu ba ya rasa magidancin da ya jinginar da gona saboda bakin mata. Amma rabin na biyu yana da nauyi. Kayan ɗaki mallakar mace ne, miji ba shi da iko da ko cokali, in aure ya mutu kuwa mota ake kawowa a kwashe. Tun zamanin jeren ƙore, aka koma tasoshi, aka koma fanteka da kumbo, aka zo kan tangaran, har zuwa kulolin yau, jere shi ne asusun mace. Na taso ina ganin Inna na sauko da kwalla ɗaya ta ba dillaliya in ciwo ya kama yaro alhali Baba na ci-rani. Hukuma ma ta san haka: a auren gata na 2023 da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800, gado da katifa na cikin abin da aka ba amare.

Baturiyar da ke zubar da kayanta don ɗaki ya sha iska tana da albashi da asusun banki. Wanda ya ce wa 'yar Zoza ta kwaikwaye ta, sai ya fara faɗa mata inda za ta ajiye dukiyarta. A ganina nan ne gyaran yake. Kujerar yanzu katako ne mara ƙwari da soso, shekara uku ta zube, wanda ya saya da tsada ba ya sayarwa da rabin kuɗin. Tasar kakanninmu kuwa ba ta faɗuwa haka. Ashe ko a ma'aunin Inna, kujera ba ajiya ba ce. Ɗan kunnen zinari ya fi ta, tunkiya ta fi ta, kuma ba wanda ke cin ƙafa ɗaya na ɗakin haya.

Da wannan na shawo kanta, bayan kwana uku da sa bakin Gwaggo. Aka soke madubi da kujeru biyu, aka sayo gado mai aljihu a ƙarƙashi don zannuwa, aka sayi tumaki biyu da sunan amarya aka bar su a garken Baba. Kuloli kam Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai an jera su. Saiti 9 ne, suna nan bisa sif har rufi, kuma har yau biyu kawai aka taɓa zuba wa abinci.