Sheffield: Birnin Ƙarfe da Sandan Sunuka

Tafiyar kimanin sa'o'i biyu ce a jirgin ƙasa daga Landan zuwa Sheffield, birnin da ke zaune kan tsaunuka a arewacin Ingila. Tun daga tasha baƙo zai fara hawan tudu, kuma kafin ya gaji ya isa dandalin Tudor, inda gidan wasan kwaikwayo na Crucible yake. Ginin ba shi da wani kwarjini daga waje, kujerunsa ma ba su kai 1,000 ba. Amma tun shekarar 1977 a nan ake gasar sunuka ta duniya, kwana 17 cur tsakanin Afrilu da Mayu.

Sunan gidan yana da tarihi. A wajejen 1740 wani maƙerin agogo, Benjamin Huntsman, ya gaji da ƙarfen zamaninsa wanda ba ya zuwa bai ɗaya: wani yanki ya yi tauri, wani ya yi laushi. Sai ya ƙirƙiro dabarar narka shi cikin tukwanen yumɓu har ya gauraye sosai. Daga sunan wannan tukunya gidan ya samo nasa. A birnin ne kuma Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Wato garin ya yi suna ne da yaƙi da kayan da ingancinsu ba ya tsayawa wuri guda. Abin mamaki, wasan da ke jawo masa baƙi a yau ya dogara da kayan aikin da har gobe masana'anta ta kasa yi masa wannan gata, wato sanda.

Dalilin a fili yake. Ana iya narka ƙarfe a gauraya, ba a narka itace. Sandan sunuka galibi daga icen ash ake sassaƙa shi, na wasan Amurkawa kuma daga icen mefil, kuma ko reshe biyu na bishiya ɗaya ba su zama daidai a nauyi da tsarin jijiya. Gwanin massassaƙi yakan zaɓi katako ɗaya ya yar da da yawa, ya bar shi ya bushe, ya fere kaɗan, ya ajiye watanni ya ga ko zai karkace, sannan ya ci gaba. Masana'antar da ke son fitar da dubbai a mako ba ta da wannan haƙuri. Shi ya sa sanduna biyu masu suna ɗaya da farashi ɗaya, daga kwali ɗaya, sai ka iske ɗaya miƙaƙƙe ɗaya kamar baka. Wannan nauyinsa ya taru a gindi, wancan fatar bakinsa ta ɓalle kafin mako.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk sandan masana'anta tarkace ne. Stephen Hendry, ɗan Sikotilan, ya ci gasar duniya sau 7 a wannan zaure tsakanin 1990 da 1999, da sanda mai arha na fam 40 da ya samu tun yana yaro. Da aka sace shi a 1990, sai da aka sa ladan fam 10,000 kafin ya dawo hannunsa. A 2003 ya karye cikin kaya a tafiyar jirgin sama daga Asiya. Hendry yana da kuɗin da zai sa a sassaƙa masa ko wane iri, amma hannun da ya shekara kusan 20 yana sabawa da ice guda ba ya karɓar baƙo cikin sauƙi. A ganina wannan ne ainihin illar kayan masana'anta: ko ka dace da mai kyau, ba ka da tabbacin samun ɗan'uwansa.

Wanda ya san teburan sunuka da ke ƙarƙashin rumfuna a unguwannin Kano, Kaduna ko Jos zai gane wani ɓangare na zancen. Sandunan da ke isowa gare mu na sahun ƙasa ne, an yi su a wani yanayi daban, sun sha danshin teku a hanya, sannan hunturu ya tsotse su, damina ta sake kumbura su. Mai tebur kuma yakan jingina su da bango a rana. Matasa sun san gwajin: a mirgina sanda a kan tebur, in bakinsa yana tsalle, ya karkace. Duk da haka kuɗin wasa ɗaya ake biya, kuma wanda ya riga ɗaukar miƙaƙƙen ya fara da rinjaye. Ɗan kasuwar da ya shigo da su ba ya karɓar kome, asarar tana kan mai tebur da yaron da ke koyon saiti da karkataccen ice, hannunsa yana sabawa da gyara kuskuren da ba nasa ba.

A Sheffield ɗin kanta abubuwa suna sauyawa. 'Yan wasan ƙasar Sin da dama sun tare a birnin suna atisaye a makarantun sunuka, kuma a Mayun 2025 ɗayansu, Zhao Xintong, ya ɗaga kofin a Crucible, ɗan Asiya na farko da ya yi haka.