Daga Galma zuwa Kaita: abin da salula ta iya da abin da ya fi ƙarfinta

Aikin bincike ne ya kai ni ƙasar Adar: a gano yadda salula da intanet ke amfanar manoma da ƙananan 'yan kasuwa, sannan a ba masu son zuba jari a karkara shawara. Daga Birnin Kwanni muka bi babbar hanyar Maraɗi, muka wuce Galmi, garin da albasar Nijar ta samo sunanta, muka sauka Madawa. Daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni Galma Kudawace, ana tsakiyar cirar albasa.

Na fara zama a rumfar mai cajin salula. Faifan sola yana bisa rufi, wayoyi jere kan tabarma, kowacce an ɗaura mata ƙyalle don kada a sauya. Yawancin masu zuwa karɓa ba sa rubuta saƙo, murya suke aikawa ta WhatsApp. Wani dillali ya kara waya a kunne yana jin yadda buhu ya kwana a Gana da Kodibuwa.

Amfanin wannan ba a ɓoye yake ba. Binciken da Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A 2010 ɗin kuma, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta gwada aika tallafin kuɗi ta Zap, hidimar aika kuɗi ta waya, a ƙauyukan jihar Tawa.

Sai dai wani dattijo da na tarar a garkarsa ya nuna mini iyakar abin. Na tambaye shi ko yana samun labarin farashi, ya ce: "Ɗana, tun da asuba na ji shi. Amma wanda ya ba ni bashin taki da man injin ban-ruwa yau yake son kuɗinsa." Ya kai ni rudunsa na kara da ciyawa, ya tona ƙasan tarin bara da ya rage, duk ya ruɓe. Kowa ya san albasa na tsada bayan damina, amma wanda bashi ya shaƙe, ga ma'ajiya mai ɓata kaya, dole ya sayar a lokacin araha. Sanin farashi bai ba shi ikon jira ba.

A hanyar Buza muka ratsa kwarin Majiya, inda layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE ke kare gonaki daga iska. Cikin garin Buza, mata sun yi layi a ofishin aika kuɗi suna karɓar saƙon 'yan cin rani daga Najeriya, Libiya da Abijan. Kowacce tsabar kuɗi take so a hannu, don mai gero a kasuwa tsaba yake karɓa.

A Kaita na ga jerin duwatsun da aikin raya ƙasa na Italiya da hukumar FAO ya soma shimfiɗawa a 1984, galibi da ƙarfin mata. Sun tare ruwa, fako ya koma gona, don an fara da abin da ya fi damun mutane.

A 2020 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 100 don kai sadarwa da hidimar kuɗi ta waya ƙauyukan Nijar, kuma ana buƙatar hakan. Abin da na rubuta a rahotona shi ne a haɗa eriyar salula da ma'ajiyar albasa mai iska, da bashin da za a biya bayan farashi ya tashi, da shawarar noma cikin murya da Hausa. Ɗan kasuwar da ya gina ma'ajiya a Madawa yana karɓar kuɗin ajiya ta waya zai ci riba, manomin Galma kuma ya sayar a ranar da ya zaɓa.