Shekarar da Na Jingine Zumunci Saboda Karatun Lauya

Karatun lauya a Najeriya doguwar tafiya ce: shekara biyar a jami'a, sannan kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari, ko a Bagauda, ko a wani reshenta. Ni kuwa na shige shi da gaggawa, na ɗauka sai na ajiye kowa da komai kafin in iya. Wannan kuskurena ne, kuma ba ni kaɗai ya cutar ba.

Aikin dai akwai yawa. A jami'o'in Arewa ɗalibi kan haɗa fanni biyu. Da safe muna kan shari'o'in Birtaniya, irin ƙarar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda dodon koɗi a kwalbar lemo ya sa ta zama tushen dokar sakaci. Da yamma ga fiƙihun Malikiyya, Risala da Muhtasar. Ga kuma kundin tsarin mulki na 1999 mai sashe 320. Da na ga tulin nan sai tsoro ya kama ni. Na koma kwana a aji, na rage cin abinci, wayata kullum a kashe.

In Umma ta same ni, takan ce, "Auta, ko gaisuwa babu?" In ce, "Ki yi haƙuri Umma, sai bayan jarrabawa." Haka na ce wa Yaya ranar da ta gaya mini Kawu na kwance yana cigiyata. Kawun nan shi ya biya mini kuɗin rajista. Tafiyar ba ta kai ta yini ba, kuma a aljihuna akwai kuɗin mota. Na zaɓi in zauna. Allah Ya karɓi abinsa kafin mu shiga jarrabawar, na isa gida an riga an kai shi. Babu wanda ya yi mini faɗa, amma ni na san na tauye haƙƙin mutumin da bai taɓa tauye nawa ba.

Sakamakon da na yi wannan dominsa ma bai fito yadda na so ba. Rashin barci ya sa na haddace sunayen ƙararraki da shekarunsu, amma hujjar da alƙali ya gina hukunci a kanta ta kuɓuce mini, alhali ita malami ke nema. Abokan da ke zama su yi muhawara, su buga ƙwallo da la'asar, su leƙa gida, sun fi ni fahimta.

Daga nan na sake lale. Na tsara lokacin karatu da na tashi daga kansa. Na shiga rukunin muhawara. Na ware bayan sallar Juma'a don kiran gida da dubiya, na kuma daina sayar da barcina. Karatun bai ragu ba, sai ma ya fara zama.

Ƙanena da ka samu gurbi bana, darasin da ya wuce ka za ka ari littafin aboki ka kwafa, kwas ɗin da ka faɗi za ka sake shi baɗi. Dubiyar majinyaci ba ta da wannan damar. In aka ce maka wani naka na kwance yana nemanka, rufe littafin ka tafi.