Badala Ce, Ba Tsibin Ƙasa Ba

Jama'a, ku ɗan ba ni hankalinku. Ran Asabar muna wucewa ta jikin badala, ɗan yayata ya ce, "Kawu, wannan tsibin ƙasar na mene ne?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, wai yau ɗan Kano bai san ta ba!

Shi ya sa mu matasan unguwa muka shirya zana tarihin garin nan a katangar firamarenmu: Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Rumfa, da karofin Ƙofar Mata. Hedimasta da mai unguwa duk sun amince.

Amma fa an sha ja-in-ja. Wasu suka ce a zana Barbushe, wasu suka ce hoton mutum bai halatta ba. Daga ƙarshe muka tsaya kan gine-gine da kayan sana'a, sunayen mutane kuma a rubuta da boko da ajami. Dattawa su ba da labari, yara su riƙe buroshi, don abin da yaro ya zana da hannunsa ba ya mantawa.

Fenti muke nema, da tsofaffin hotunan ƙofofin gari. Wa ke da su a gida?