Gadar Nukkai: Daga Tsaunukan Yorro Zuwa Randar Gidanka

Mai karatu, idan ka bar cikin Jalingo ka kama hanyar Wukari, ka ɗan dakata a gadar Nukkai ka leƙa ƙasa. Kogin Lamurde ke nan, wanda ya gangaro daga tsaunukan Yorro, ya haɗu da Mayo-Gwoi, ya nufi Binuwai. Da rani yashi za ka gani shimfiɗe, masu tifa na lodi, 'yan lambu na ban ruwa ga alayyafo da tumatir. Da damina kuwa sai ya cika ya tumbatsa. A watan Agustan 2005 ambaliya ta karya gadar da ke wannan wuri, rayuka da dama suka salwanta, Allah Ya jiƙansu.

Ambaliya dai ido na ganinta. Abin da ba ya gani shi ne wanda ya narke cikin ruwan. A kan tudu, ganye kan zuba ya ruɓe ya zama taki, saiwa ta tsotse shi ta mayar wa bishiya, ruwan ya sauko kusan ba komai a cikinsa. Da zarar an sare itacen don gawayi ko sabuwar gona, babu sauran mai tsotsewa, sai takin ya bi ruwa.

An gwada wannan a dajin Hubbard Brook na Amurka. A hunturun 1965 zuwa 1966 masana suka sare duk bishiyoyin wani ɗan kwari, suka hana su tsirowa. Sinadarin naitiret a rafin ya ninka fiye da sau 40, har ya wuce ƙa'idar ruwan sha.

Takin zamani, kashin dabbobi da masai ma duk suna zuba naitiret a kogi da rijiyoyin da ba su da zurfi. Ba shi da launi, ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, saboda jarirai: yakan hana jininsu ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifod, amma ba ya cire naitiret, sai ma ya ƙara masa ƙarfi.

Don haka, uwargida, nono zalla har wata shida shi ne kariya. In dole sai an haɗa madarar gwangwani, kada a ɗebo ruwan daga ramin yashi ko rijiyar da ke dab da masai ko lambu. Maigida kuma, ka kai ruwan rijiyarka a auna, musamman bayan ruwan farko. In leɓen jariri ya sauya launi, a garzaya asibiti nan take.

Kafin ka bar gadar, ka dubi motocin gawayin da ke wucewa. Bishiyoyin da ke tace maka ruwa ne a cikin buhunan.