Kajin Inna da Salwar Jikanta a Cikin Hunturu

A Damagaram ba sai an duba kalanda ake sanin hunturu ya kama ba. Wajen ƙarshen Nuwamba akan wayi gari a tarar sama ta yi fari, duwatsun Birni sun shige cikin hazo, leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya dawo ƙafa. Daga arewa maso gabas iskar take bugowa, babban tushen ƙurarta kuwa shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Amma tsohuwar da yaran unguwa ke kira Inna tana da tata alamar. Ran da ta idar da sallar asuba ta ga kajinta ba su fito tsakar gida ba, sun takure a bakin akurki, kowacce ta kumbura gashi ta ɓoye ƙafa ɗaya, ranar take cewa ɗari ya iso.

Ɗari take cewa, ba sanyi ba, kuma bambancin ya cancanci a lura da shi. Sanyi na ruwa ne da raɓa da damina, mai laima; ɗari busasshe ne, iska ke tafe da shi. Da dare ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya haura zuwa wajen 30. Mutumin ƙasar ƙanƙara zai ji wannan ya yi murmushi, sai dai ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 35 a makonsa na fari, kuma ba ruwansa da abin da ake kira sanyi a Turai.

Kaji goma sha huɗu gare ta da zakara biyu. Ba ado ba ne, ba kuma abin rage dare ba. Tun da mai gidanta ya rasu su ne asusunta: in ciwon gwiwa ya tashi a kama ɗaya a kai kasuwa, in an yi haihuwa a dangi a kama ɗaya a kai barka, in an ce a kawo kuɗin littattafan jikanta a kama biyu. Jikan nan, yaro ɗan shekara goma sha shida da ke zaune a wurinta, shi ya kawo salwa gidan. Ya ga wani yana sayar da ƙananan ƙwai masu ɗige-ɗige a bakin titi, ya yi ta tara kuɗin aikin hutu har ya sayi tsuntsaye arba'in, ya haɗa musu keji da katako da ragar waya a tsohon ɗakin ajiya. Sunan salwa aro ne daga Larabci, duk wanda ya yi makarantar allo ya gamu da shi a labarin Banu Isra'ila. Akwai ta daji, wadda ke gujo wa sanyin Turai ta ƙetare hamada ta zo ta yi hunturu a Sahel, amma ta keji asalinta Japan ce, an daɗe ana kiwonta har ta manta da kwanci. Tana fara ƙwai tana da mako shida zuwa takwas, abin da ya sa Inna ta ce ba ta yarda da tsuntsuwar da ke haihuwa tun ba ta gama girma ba.

"Angona," takan ce masa, "waɗannan baƙin naka ko gaisuwa ba su iya ba. Kaza in na kira ta sai ta zo."

"Kishi ne kawai, Inna," in ji shi. "Kin ga na yi sababbin amare."

Abin da ya sa hunturu ke tayar mata da hankali ya faru ne shekara biyu kafin zuwan salwa. A lokacin kaji ashirin da uku gare ta. Ta sayo wani jan zakara a kasuwa da araha, arahar da daga baya ta gane dalilinta, ta sake shi cikin sauran a ranar. Bayan kwana biyar ya daina cara. Kwana biyu a kan haka kaji suka fara zama jugum, fikafikai a sake, suna buɗe baki suna neman numfashi, kashinsu ya koma kore tsanwa. Waɗanda suka jure kwanakin farko sai wuyansu ya murɗe, su yi ta juyawa wuri ɗaya suna kallon sama, ga tsaba a gabansu amma bakin ba ya samunta. Ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba a ruwan sha kamar yadda ta ga uwarta na yi. Wata ta ba ta ƙwayar maganin mutane ta fasa ta zuba. Cikin mako biyu saura huɗu. Ta yi ta yanka waɗanda suka galabaita kafin su zama mushe, har gidan ya gaji da nama, ita kuwa ko loma ɗaya ba ta iya haɗiya ba.

Unguwa ta ce iska ce, kuma akwai gaskiya kaɗan a ciki, domin a wannan lokacin ne cutar ta fi yin ɓarna a ƙasashen Sahel. Amma iska ba ta ƙirƙiro ta ba. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasal, da sunan wani gari a Ingila, ɗaya daga cikin wurare biyun da aka fara lura da ita a 1926. Ɗayan shi ne tsibirin Jaba na Indunisiya. Ƙwayar cuta ce da ke bin kashi da majina da numfashi, tana maƙale wa takalmi da kwando da hannun mai ciniki. Busasshen sanyi yana sa ta daɗe ba ta mutu ba, ƙura tana raunana maƙogwaron kaza, ga kuma hada-hadar kaji a kasuwanni bayan kaka. In ta shiga ba ta da magani. Maɗaci da barkono suna kwantar da hankalin mai kaza ne, ba su taɓa ƙwayar cutar ba, kuma wanda ya gaya wa tsohuwa akasin haka bai kyauta mata ba. Rigakafi kaɗai ke aiki, shi ma sai an yi shi tun kaji na lafiya, da tazarar kamar mako biyu kafin jiki ya ɗauka.

A nan wahalar ta koma ta mutane. Kwalbar rigakafi ta kaji ɗari ce ko fiye, tana son sanyi, in an buɗe ta kuma ba ta jira. Mai kaji goma sha shida ba za ta iya kiran malamin dabbobi don kanta kaɗai ba. Saboda haka tun watan Oktoba Inna ke yafa mayafi ta bi gidaje, da gwiwar nan tata, tana roƙon mata su tsare kajinsu a akurki ranar da aka sa. Wasu sun yarda. Wasu sun tuna da 2006, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya aka bi gidaje ana kashe kaji, har yau kuma in sun ji an ce wani zai zo duba kaji sai su ce ba su da ko ɗaya, alhali zakara na cara a bayan ɗaki. Maƙwabciyarta ta jikin katanga ta ce mata, "Yaya, abin da Allah ya rubuta wa kaza allura ba ta kankare shi." Inna ba ta yi musu ba. Ta dawo gida ta sa jikanta ya toshe rariyar da ke tsakanin gidajen biyu da ragar waya, don ruwa ya wuce kaza kada ta wuce. An yi kwana uku ba a gaisa sosai ba.

Duk wannan shiri na kaji ne, kuma ya yi amfani. Asarar hunturun bana ta wata ƙofa ta shigo. A tsakiyar Janairu aka yi wani dare da iska ta yi ta kaɗa ƙyauren langa-langa. Inna ta leƙa ɗakin ajiya da fitila ta ga salwa sun tattaru a kusurwa ɗaya, wasu a kan wasu. Haka suke yi in ɗari ya matsa, har na ƙasa su shaƙe. Duk ƙorafin da take yi a kansu, tausayi ya kama ta. Yaron yana barci, gobe yana da jarrabawa, ba ta so ta tashe shi. Ta zuba garwashi a kasko ta kai ɗakin, ta ƙara gawayi don ya kai safiya, ta toshe taga da buhu, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ta koma ta kwanta da zuciya ɗaya.

Da asuba yaron ya buɗe ƙofa, wani zafi mai nauyi ya buge shi har kansa ya sara. Goma sha ɗaya sun mutu, a kwance lafiya lau kamar masu barci, ba jini ba rauni. Sauran suna tangaɗi. Ya kwashe kejin ya fitar tsakar gida, cikin ɗarin da aka yi gudu, a can ne suka farfaɗo.

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda kan kashe har mutane a irin wannan lokaci, tsuntsu kuwa ya fi mutum saurin faɗuwa. Ko ba wuta ma, ɗakin tsuntsaye da aka toshe ruf yana tara warin kashi mai yaji, wanda ke cin ido da huhu. Babbar salwa mai cikakken gashi tana jure daren Damagaram muddin iska ba ta bugunta kai tsaye kuma ƙasanta a bushe yake. Abin da take so a tare mata gefen arewa da gabas, a bar sama a buɗe. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan mai kiwo, domin hannu da kansa yake kai wa ga tsumma in an ji ɗari.

Yaron bai ce mata komai ba, shirun nan kuwa ya fi mata zafi a kan faɗa. Ya jera gawarwakin a kan faifai, ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta ko koko bai sha ba. Da ya dawo ya tarar ta sa an kama kaji biyu, cikinsu har da wake-waken da ta fi so, an kai kasuwa, kuɗin na ƙulle a bakin zane.

"Ga diyyar amarenka," ta ce.

"Haba Inna, wa ya ce ki sayar da wake-wake?"

"Ni na kashe, ni zan biya. Karɓi, kada ka sa ni magana."

Ya karɓa, amma bai sayi salwa ba. Ya sayo zana biyu ya kafa a gefen da iska ke shigowa, ya sayi buhun ɓuntun shinkafa ya shimfiɗa a ƙarƙashin keji, da ƙaramar fitila mai cajin rana. Fitilar ba don ɗumi ba ce. Salwa na buƙatar hasken awa goma sha huɗu zuwa sha shida kafin ta yi ƙwai yadda ya kamata, ranar Disamba da Janairu a Damagaram kuwa da kaɗan ta wuce awa goma sha ɗaya. Tun farkon hunturu ƙwai ya ragu, Inna na cewa baƙin sun yi yaji, ashe duhu ne ke rufe su da wuri. Da aka riƙa kunna fitila daga magariba zuwa bayan lisha, cikin mako biyu kwanon ya fara cika.

Sauran wahalhalun na kullum ne, ba su da labari. Ciyawa ta bushe, fara da tsutsa sun ɓace, kaza ta yi tono har ta gaji ba ta sami komai ba, dole a ƙara dusa da tsakin gero. Salwa ba ta ƙoshi da dusa, sai an haɗa mata da garin ƙuli-ƙuli ko na busasshen kifi, in ba haka ba ta fara tsigar gashin ƴar'uwarta. Ruwan sha kafin azahar ƙura ta rufe shi, a zubar a sake. Inna na kife tsohuwar tukunya cike da karmami da kashin shanu a bayan gida don ta tara gara, tana shanya ganyen zogale a inuwa, tana zuba toka a wani rami don kaji su yi birgima su kakkaɓe ƙuma. Shirwa kuma ta samu fili, tun da babu ganyen da ɗan tsako zai shige; mai ƴaƴa ba ta fita daga ƙarƙashin kwando sai rana ta ɗaga kuma akwai mai tsaro.

A ƙarshen Janairu kajin maƙwabciya suka fara mutuwa. Inna ta ji kukan yara ta kan katanga, ta ga an fito da fikafikai ana zubarwa a bola, ta aika jikanta ya roƙa a binne su. Daga ranar ta hana kowa shiga bayan gidanta da takalmin da ya taka waje. Kullum da asuba sai ta tsaya bakin akurki tana ƙirga masu fitowa, tana duban wuyan kowacce. Ran nan goma sha ɗaya suka fito da zakara biyu, baƙar ba ta fito ba. Ta durƙusa da ƙyar ta leƙa, ta hango ta can ciki a takure, gashi a kumbure. Gabanta ya faɗi. Ta miƙa hannu a hankali, sai kazar ta yi wani gurnani ta kai mata sara a bayan hannu har ya yi jini.

Kwanci ne. Inna ta zauna a ƙasa tana dariya tana tsotsar hannu. Ta ƙirga kwana ashirin da ɗaya da yatsu, ta ga ƙyanƙyasar za ta faɗo bayan tsakiyar Fabrairu, lokacin da ɗari ya fara sassautawa, ta ce a kawo mata kwaryar ƙwai ta zaɓi tara. Yaron ya tsuguna kusa da ita da ƙwan salwa huɗu a tafin hannu, ya ce ko za a saka mata su a ciki a gwada.

"Naka kwana goma sha bakwai ne, nata ashirin da ɗaya," ta ce. "In naka suka fito ta tashi ta bar nawa, wa zai biya ni? Kuma dubi ƙafarta, taka ɗaya za ta yi musu. Mai da su kwano, angona, ka miƙo mini wancan mai tsawon."